Hoton Mara Ko Hoton Ta Gaba: Wanne Ya Dace Da Mai Neman Haihuwa?

Matan ƙauyukanmu na wajen Ringim suna yawan tambayata wanne hoton sikanin za su yi, na mara ko na ta gaba, idan haihuwa ta yi jinkiri.

Hoton mara ya fi sauƙin samu da araha, sai dai dole mace ta sha ruwa, ta riƙe fitsari har mafitsara ta cika, tana zaune a benci tana jiran layi. Shi kuwa na ta gaba, sai an yi fitsari tukuna, sannan a shigar da siririyar na'ura mai rigar roba ta cikin gaban mace, kuma saboda kusancinta da mahaifa likita yana ganin kaurin bangonta, yana auna buhun ƙwai, wato 'yar jakar da ƙwan mace ke girma a ciki, har ya kai kusan milimita 18, wato dab da fashewa ya saki ƙwan. Kunya ce babbar matsalarsa, ga kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, amma mace tana iya neman ma'aikaciya mace ta duba ta. Dukansu da sauti suke aiki, kuma su kaɗai ba sa tabbatar da toshewar bututun mahaifa.

Wadda ake zargin tana da babban ƙari a mahaifa, hoton mara ya fi dacewa da ita. Wadda ake bibiyar ƙwanta kuwa, a ganina, ta daure ta yi na ta gaba.