Sharhi: VLC da maltikas a ɗakin kwamfutarmu na Katsina

Cibiyarmu ta koyar da kwamfuta tana wajen Ƙofar Ƙaura, kuma kwamfutoci 30 ne a babban ɗaki. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne nuna wa ɗalibai bidiyon darasi a lokaci guda. Bidiyon da ke cin megabit 4 a sakan, in kowace kwamfuta ta jawo nata, ya koma 120 ke nan, alhali katin sadarwa na tsohuwar sabarmu, wato kwamfutar da ke raba wa sauran bidiyon, 100 ne iyakarsa. Sai hoto ya riƙa sarƙewa, murya na gaba, baki na baya.

Shi ya sa na gwada maltikas, wato saba ta saki bidiyon sau ɗaya tak zuwa adireshin rukuni, duk kwamfutar da ta shiga rukunin ta karɓa. Da VLC na yi, manhajar kunna bidiyon nan mai alamar robar nan mai tsini da ake ajiyewa kan titi, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniya a Faransa a 1996. Kyauta ce, ba kuɗin lasisi ba talla.

Haɗawar ba ta ba ni wuya ba. Adiresoshin maltikas daga 224.0.0.0 suke zuwa 239.255.255.255, kuma masu farawa da 239 an ware su don amfanin cikin gida. Na zaɓi 239.0.0.1 da ƙofa 1234, wato lambar mashigar da bidiyon zai bi, ɗalibai suka rubuta udp://@239.0.0.1:1234 a nasu VLC ɗin. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, sabar kuwa ko gezau, megabit 4 ɗin nan kawai take fitarwa. A nan VLC ta ci yabonta.

Rigimar tana wajen suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin duka suke haɗuwa a cikinsa. Ƙaramin da muke da shi, irin na kasuwa da ba a iya saita shi, bai san rukuni ba. Kamar mai shela yake, kowane gida sai ya kai saƙo. Na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a layi, a kwamfutar akawu, wadda ba ruwanta da darasin, na tarar da bidiyon yana ta kwarara cikinta. Fitilun suwic ɗin duka suna ƙyaftawa tare, har na firinta. Dole muka sayo wani mai IGMP Snooping, wanda ke sauraron wa ya nemi shiga rukuni, ya ba shi shi kaɗai.

Nan ma da sauran rina a kaba. Bayan minti huɗu da 'yan kai sai yaron da ke taya ni aiki ya leƙo: "Oga, hoton ya daskare." A rufe VLC a buɗe, ya dawo, ya sake tsayawa a daidai wannan lokaci. Dalili shi ne babu mai tambaya a layin. A ƙa'idar IGMP, wato tsarin shiga da fita daga rukunin maltikas, wata na'ura ce ke tambaya duk sakan 125 ko akwai mai son rukunin, in suwic ya yi sakan 260 bai ji amsa ba sai ya goge sunan kwamfutar daga rukunin, ya daina ba ta bidiyon. Da na kunna mai tambayar a rawuta, na'urar da ke haɗa layinmu da intanet, shi ke nan. Duk mai gwaji ya bar bidiyo ya haura minti goma kafin ya ce ya gama.

Wayfai kam ban ba da shawara ba. Maltikas a iska da mafi ƙanƙantar gudu yake tafiya, abin da ya ɓace ba a sake aiko shi, hoto duk ya farfashe a wayoyi. Wani abokin sana'a a Daura ya tambaye ni ko zan tura masa darasin ta data. Ba zai yiwu haka kai tsaye ba, don intanet ta gama-gari ba ta wucewa da maltikas, sai dai mu haƙa ramin VPN tsakaninmu, wato keɓantacciyar hanya ta cikin intanet, wanda shi ne gwajin da ke gabana.