Samfurin SR.177: jirgin yaƙin da bai taɓa tashi ba, da wahalar zaɓa masa fenti

Sati shida na yi ina jiran kwalin nan daga wani ƙaramin kamfani a Ingila, da ya iso kuma sai na tarar da fiffike ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Samfurin Saunders-Roe SR.177 ne, wato ɗan ƙaramin kwaikwayon wani jirgin yaƙin Birtaniya, a ma'aunin 1/72 (kashi ɗaya cikin 72 na girman jirgin), tsawonsa kimanin santimita 21 in an harhaɗa. Da rezin aka zuba shi, wato wata roba mai tauri da saurin karyewa, wadda gam ɗin samfura na yau da kullum ba ya kama ta, sai sufa gulu. Fiffiken na tsoma shi a ruwan zafi na danne da littafi ya miƙe. Ƙananan ramukan iska da ke cikinsa kuwa sun ci min dare biyu ina cikawa da fila ina bi da sanfefa, kamar mai gyaran jikin mota. Takardar bayani shafi ɗaya ce tal, sitikar kuma ta sojan saman Birtaniya kaɗai aka saka. A nan ne raina ya ɗan sosu, domin duk wanda ya sayi irin wannan samfuri ya san ba don harhaɗawar ya saya ba, don fentin ne.

Jirgin na ainihi ba a taɓa gama ƙera shi ba. An tsara shi da inji biyu, injin jet na Gyron Junior da roka ta Spectre, don ya haura sama a guje ya tare jiragen bam na Tarayyar Sobiyet. Yayansa, SR.53, ya tashi a watan Mayu na 1957, amma tun a Afrilun shekarar ministan tsaron Birtaniya Duncan Sandys ya riga ya yanke cewa makamai masu linzami ne za su gaji jiragen yaƙi masu matuƙi. Sojan sama ya janye, na ruwa ya ɗan riƙe, ana sa ran Jamus ta Yamma za ta saya. Jamus ta juya baya, aikin ya mutu a ƙarshen 1957, daga baya ta ɗauki F-104 na Amurka. Saboda haka babu hoton da wani zai ɗauko ya ce min na kuskure launi.

Da farko na zaci wannan 'yanci ne. Ashe nauyi ne. Jirgin da aikinsa tare maƙiyi can ƙololuwar sama ba ya bukatar fentin ɓad-da-kama. Shi ya sa jiragen Lightning na Birtaniya suka shekara da shekaru da jikinsu na ƙarfe tsirara suna ƙyalli, sai a shekarun 1970 aka shafa wa waɗanda ke Jamus kore mai duhu. In na bi gaskiya, ruwan azurfa kawai zan fesa in ajiye. In na ba sojan ruwa, toka mai duhu a sama da fari a ciki, irin na jiragensu Sea Vixen da Scimitar. Kyakkyawa ne, amma ba abin da zai sa mutum ya tsaya ya sake kallo.

Sai na ba Jamus. Hujjata ita ce su ƙasa-ƙasa suka riƙa tuƙa F-104 ɗinsu don kai hari, shi ya sa suka yi masa tsarin nan da ake kira Norm 62: koren zaitun da toka a sama, an yanka su kusurwa-kusurwa kamar fasasshen gilashi, ciki kuma ruwan azurfa. Da SR.177 suka saya, da ƙarshenta shi ma haka za su yi masa. Wannan tsari ya dace da mai haƙuri da salatif, domin layukan duk miƙaƙƙu ne. Na yanka salatif ya fi guda talatin, na fesa toka, na rufe, na fesa kore. Ranar da na ɓare shi na ga baƙin gicciyen Jamus zaune a gefen jirgin Ingila mai buɗaɗɗen baki a ƙarƙashin hanci, sai da na kira ƙanena ya zo ya gani. Ya duba ya ce, “Yaya, wannan a wane yaƙi aka yi amfani da shi?” Na ce masa ko ƙasa bai taɓa bari ba. Bai yarda ba sai da na rantse.

Gicciyen daga ragowar sitikar wani tsohon samfuri na ciro, tunda mai kayan bai ga damar sakawa ba. Kuskurena ɗaya shi ne fesa fentin ƙarshe mai sheƙi da hunturu taga a buɗe. Ƙura ta zauna a bayan jirgin, dole na goge na sake.

Shin ya cancanci kuɗinsa? Ga wanda bai taɓa aiki da rezin ba, a'a, ya fara da samfurin roba mai sauƙi tukuna. Ga wanda hannunsa ya faɗa, siffar jirgin ta fito da kyau, gilashin mazaunin matuƙi ma biyu suka sako ko da ɗaya zai lalace, kuma kuwa na lalata ɗaya.

Na riga na yi odar na biyu. Jamusawan Yamma ne suka taimaka aka kafa rundunar sojan saman Najeriya a 1964, don haka ina da 'yar hujjar da zan fake da ita: ruwan ƙasa da kalar yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki, da'irar kore-fari-kore a fiffike. Shi kam sai damina ta sauka zan fesa.