Fender Rumble 500: amfilifayar jitar bas mai kilo 16 da rabi, da abin da take iyawa a dandamali

Wahalar makaɗin jitar bas tun daga bakin mota take farawa, kafin ma a taɓa tsirkiya. Ampeg SVT, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ta fito a 1969, wadda har yau ake auna sauran amfilifayoyi da ita, injinta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta mai lasifika takwas kuma ya haura kilo 60. Rumble 500 da kamfanin Fender ya fitar a 2014 kilo 16 da rabi ce, amfilifaya da lasifikoki duk a akwati guda, mutum ɗaya ya ɗauka da hannu ɗaya, jitarsa na rataye a baya. Sirrin rashin nauyin shi ne injin ƙarfinta irin wanda ake kira Class D ne, ba ya buƙatar ƙatuwar taransifoma, sannan katakon akwatin mara nauyi ne. A ciki akwai lasifikoki biyu na kamfanin Eminence masu inci 10, da ƙaramar lasifikar siririn sauti wadda ake iya kunnawa ko kashewa.

Lambar 500 da ke jikinta tana da sharaɗi, kuma ya kamata mai saye ya san shi tun kafin ya biya kuɗi. Lasifikokin ciki om 8 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar lantarki), a haka wat 350 take bayarwa. Wat 500 ba ya fitowa sai an jona mata wani akwatin lasifika mai om 8, jimillar ta sauka zuwa om 4. Tazarar 350 da 500 a kunne kusan desibel (ma'aunin ƙarar sauti) ɗaya da rabi ce kawai, domin sai an ninka wat sau biyu ake samun ƙarin desibel 3. Amfanin akwati na biyu yana wajen iskar da ake turawa: lasifika huɗu sun fi biyu motsa iska, kuma idan aka ɗora amfilifayar a kansa, lasifikokinta na matsowa kusa da kunnen makaɗi, ya daina ƙara murya don kawai ya ji kansa.

A nan ne aka fi yin ɓarna. Akwatin ƙari dole ya zama om 8 ko sama. Idan ka jona mai om 4, jimillar za ta faɗi zuwa kusan om 2.7, ƙasa da abin da injin zai iya ɗauka; zai yi zafi ya ɗauke a tsakiyar wasa, in aka maimaita kuma ya lalace. Sai kuma waya. Kan wayar jita da kan wayar lasifika na iya zama iri ɗaya a ido, amma cikinsu daban ne. Ta jita siririn zare ne da raga kewaye da shi, an yi ta don sigina mara ƙarfi. Idan ɗaruruwan wat suka bi ta cikinta tana zafi, robar ciki ta narke, zaren biyu su haɗu. Ka nemi wayar lasifika mai zare biyu masu kauri, gajera, ka manna mata alama da salatif don kada ta cakuɗe da sauran a jaka. Kashe amfilifaya kafin jonawa ko cirewa.

Sautinta yana da kauri da ɗumi tun ba a taɓa komai ba, kuma a ɗaki wannan yana da daɗi ƙwarai. A dandamali kuwa kaurin nan yakan zama matsala, saboda babbar ganga ta ƙafa tana zaune a wurin da bas yake, jitar lantarki da fiyano kuma sun mamaye sama. Maɓallan gyaran sauti huɗu ne: Bass yana aiki a 80 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa; ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), Low Mid a 280 Hz, High Mid a 1,200 Hz, Treble a 10,000 Hz. Kuskuren da aka saba shi ne mutum ya ji ba a jinsa sai ya murɗa Bass sama. Abin da zai samu shi ne gurnani mai cika ɗaki, wanda ba a bambance sauti ɗaya da wani a cikinsa, lasifikoki na wahala, wat na ƙarewa a banza. Tsirkiyar E a sake tana kaɗawa a 41 Hz, A a 55, D a 73, G a 98, amma kunne ba da waɗannan kaɗai yake gane abin da ake kaɗawa ba. Da amon da ke hawa a kansu yake ganewa, wato sassan tsakiya. Saboda haka a fara da dukkan maɓallan a tsaye, kamar ƙarfe 12 a agogo. A sauke Bass zuwa ƙarfe 10 ko 11, a ɗaga Low Mid zuwa ƙarfe 1 ko 2, a ƙara High Mid kaɗan idan ana son a ji taɓin yatsa. Kai kaɗai za ka ji kamar sautin ya rame. Da zarar mai ganguna ya shigo za ka ji ya zauna daidai.

Ƙananan maɓallai uku na dannawa suna sauya launin sautin gaba ɗaya. Bright yana ƙara kaifi a can sama, wanda da sababbin tsirkiyoyi yakan yi yawa har a ji karcen yatsa. Contour yana ƙwaƙule tsakiya sosai. Ya dace da salon marin tsirkiya da babban yatsa, amma a cikin cikakkiyar ƙungiya shi ne hanya mafi sauri ta ɓacewa, domin abin da yake yankewa shi ne abin da ke sa a ji ka. Vintage ne ya fi amfani a cikinsu: yana tausasa sama, ya ɗan danne bugun, ya ba da sauti mai kama da na tsofaffin amfilifayoyi. Da jita irin Precision Bass da tsirkiyoyi masu santsi, yana fitar da sauti mai nauyi da nutsuwa. Sai dai yana ƙara kaurin da dama akwai shi, don haka idan ka danna shi ka ƙara sauke Bass.

Sashen tsaga sauti da gangan, wato overdrive, mai maɓallan Drive da Level, yana da kyau idan an tsaya a ɗan kaɗan. In aka kai shi ƙarshe yana yin ƙaiƙayi a kunne, musamman idan ƙaramar lasifikar na kunne, don haka a kashe ta. Abin takawa da ƙafa na kunna shi daban ake sayensa.

Ba ta da maɓallin rage ƙarfin sigina don jita mai batir, wadda siginarta ta fi ta jitar da ba ta da batir ƙarfi. Maganin shi ne a bar Gain, maɓallin ƙarfin siginar da ke shigowa, ƙasa, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, a nemi ƙarar da Master, maɓallin muryar da ke fita. Idan sauti ya fara tsagewa ko a ƙaramar murya, kafin a zargi amfilifaya a duba batirin jitar mai bolt 9. Yana ci muddin waya na soke a jikin jitar, ko ba a kaɗawa, shi ya sa ake zare ta bayan wasa kuma a ajiye sabon batir a jaka.

Inda ta fi rauni shi ne mafitar XLR, ramin wayar da ke kai sauti zuwa mikisar zaure, wato na'urar da injiniyan sauti ke haɗa sautukan taro da ita. Tana da maɓallin raba ƙasa, wanda ke kashe ƙugin nan na lantarki da ke tasowa idan amfilifaya da mikisa suna soket daban-daban, kuma wannan abin yabo ne. Amma babu zaɓin a aika sautin jita tsantsa kafin ya bi ta gyare-gyarenka. Duk abin da ka murɗa don jin daɗin kunnenka a dandamali, shi injiniyan sauti zai karɓa, alhali abin da dandamali ke buƙata daban yake da abin da zaure ke buƙata. Ka taɓa Gain a tsakiyar waƙa, nasa ma'aunin ya rikice. Hanya biyu ce: ko ka daidaita komai lokacin gwajin sauti ka bar shi haka har a tashi, ko ka sayi ƙaramin akwatin DI, mai raba siginar jita gida biyu, ka sa tsakanin jita da amfilifaya, mikisa ta ɗauka daga can, Rumble ta zama ta jinka kai kaɗai. Ga mai wasa a manyan zaure, hanya ta biyu ta fi, kuma ya kamata a sa kuɗin akwatin cikin lissafin sayen.

Babu kuma maɓallin yin shiru, babu mafita ta musamman don na'urar saita tsirkiya. Na'urar saiti irin ta ƙafa tana magance duka biyun, tunda tana yanke sauti idan an taka ta. Maɓallan suna saman akwati, sun fi sauƙin gani idan tana ƙasa, amma idan an ɗora ta a kan wani akwatin sai mutum ya leƙa, kuma saman nan ba wurin ajiye kofin ruwa ba ne.

Wurin da aka ajiye ta yana sauya sautinta fiye da yadda mutane ke zato. Jikin bango yana ƙara kaurin ƙasa, kusurwa ta fi ƙarawa, dandamalin katako mai rami a ƙarƙashi kuma yana amsawa kamar ganga. Idan gurnani ya yi yawa, a janye ta daga bango da kamar rabin mita, ko a ɗora ta a kan abu mai ƙarfi, kafin a koma kan maɓallai. Tazarar nan tana kuma ba injin iska. A duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayanta kafin a soka, musamman idan daga wata ƙasa aka sayo ta, domin wadda aka yi wa bolt 120 ba ta jure 230.

Ita kaɗai, ta isa wurin gwaji, ƙaramin zaure, wurin ibada ko ɗakin biki, tare da mai ganguna mai matsakaicin hannu. Mai jita mai tsirkiya biyar zai ji iyakarta a tsirkiyar B, wadda ke sauka zuwa 31 Hz: lasifika biyu masu inci 10 suna fitar da ita da kyau a matsakaiciyar murya, amma idan aka matsa sai a ji suna fafatu kamar ana kaɗa tsumma, alamar sun kai ƙarshen motsinsu, kuma a nan a rage Bass nan take. A fili, inda babu bangon da zai dawo da sauti, ko kusa da jitoci biyu masu ƙara, sai da akwati na biyu, Rumble 210 ko Rumble 115, dukkansu om 8 ne, ko kuma a bar manyan lasifikokin taro su ɗauki nauyin.