Gargaɗi ga 'yan kasuwa kan damfarar sace WhatsApp da sauya lambar asusu

Wannan gargaɗi ne ga masu shaguna da dillalai da ƙananan kamfanoni waɗanda cinikinsu ya koma kan waya, musamman masu saro kaya daga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, suna biya ta taransifa ba tare da sun taka ƙafa kasuwar ba. Akwai wata damfara da ta yi ƙamari, wadda ake yin ta da sunan mutumin da ka sani, da hotonsa, da kuma lambar wayarsa ta gaskiya, shi ya sa take cin har waɗanda suka goge a harka.

Ɗan damfarar yakan fara ne da mai sayar da kaya. Zai kira shi cikin ladabi, ya yi sallama, ya ambaci sunan ƙungiyar 'yan kasuwa ko wani zauren WhatsApp da yake ciki, sannan ya ce an shirya taro ta intanet da daddare, ko kuma ana rajistar tallafin jari. "Alhaji, wasu lambobi shida za su shigo maka yanzu, karanto min su in saka sunanka." Lambobin nan su ne waɗanda WhatsApp ke turowa duk lokacin da aka nemi buɗe asusun mutum a wata sabuwar waya, kuma a jikin saƙon an rubuta cewa kada a ba kowa, sai dai mutumin da ke amsa waya a tsakiyar ciniki, ga mai saye a gabansa yana taya kaya, ba ya tsayawa karantawa. Da zarar ya faɗe su, asusun ya bar hannunsa, kuma ɓarawon ya samu shiga duk zaurukan da yake ciki, da lambobin mutanen da ke cikinsu.

Hanya ta biyu ta fi wannan muni, domin mai asusun ba ya ma sanin an shiga. WhatsApp yana ba da damar haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu, kuma minti ɗaya ya isa wanda ya ari waya "zai yi kira" ya haɗa ta da tasa. Haka kuma kwamfutar da tsohon yaron shago ya taɓa buɗe asusun a kanta tana iya ci gaba da karɓar saƙonni bayan ya bar aiki. Mai wannan dama yakan yi shiru yana karanta hira, har ya gane wa ake bi bashi, nawa ne, yaushe za a yi lodi, da irin kalmomin da maigidan ke amfani da su.

Sai ranar biya ta zo, saƙo ya iso wa abokin ciniki daga lambar da ya shekara yana hulɗa da ita, cewa asusun bankin da aka saba ya samu matsala, a tura kuɗin a wannan sabon. Manhajar banki takan nuna sunan mai asusu kafin a tura, kuma sunan kan bambanta, amma amsar tana nan a shirye: na ƙanena ne, ko na yaron shago ne, a hanzarta domin mota za ta tashi. Taransifa tsakanin bankunan Najeriya tana shiga nan take, saboda haka cikin 'yan mintuna an rarraba kuɗin zuwa wasu asusu an cire su a wurin masu POS. Abin da ya fi ciwo shi ne rigimar da ke biyo baya, domin mai saye yana riƙe da rasit yana cewa ya biya, mai kaya yana rantsuwa ko kwabo bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Kada wani ya ɗauka rashin ilimin boko ne ke jawo wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar burtu da sunan kamfanin Quanta na Taiwan, ya aika wa Google da Facebook takardun neman biya na bogi ta imel, suka tura masa sama da dala miliyan 100, kafin wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019.

A ganina ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace manhajar tsaro amfani: duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu, ko daga wa ya fito, ba a biya sai an kira mutumin an ji muryarsa, kuma kiran ya zama na layi, a lambar da ka daɗe da ajiyewa, domin kiran WhatsApp yana iya faɗawa hannun ɓarawon. Saƙon murya bai wadatar ba, tunda ana iya sake turo tsoho. Wannan ƙa'ida ta fi zama dole a kan yaron da ke riƙe da wayar shago ko akawun da ke biyan kuɗi, kuma wajibi ne maigida ya gaya musu a fili cewa ba zai yi faɗa ba idan an jinkirta biya saboda tabbatarwa, domin tsoron faɗan maigida ne ke sa yawancinsu gaggawa.

Bayan haka, a shiga saitin WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambobin sirri da mutum ke zaɓa da kansa, a haɗa da adireshin imel, ta yadda ko an sace lambobin saƙo ba za a iya buɗe asusun ba. A riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa, a fitar da duk wadda ba a gane ba, musamman bayan an karɓo waya daga wurin gyara ko an sallami ma'aikaci.

Wanda aka riga aka sace wa asusun WhatsApp ya sake yin rajista da layinsa nan take, domin shigar da sababbin lambobin yana korar ɓarawon, ko da yake idan ya riga ya saka nasa lambobin sirri ana iya jiran kwana bakwai. Kafin nan a kira abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya a sanar da su. Wanda ya tura kuɗi kuwa ya tuntuɓi bankinsa a cikin sa'ar, ya nemi a riƙe asusun da kuɗin suka shiga, ya adana rasit da hotunan hirar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, tunda dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan. Idan banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafin ba, ana iya kai shi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. A kuma yi hattara da masu bullowa daga baya suna cewa su ƙwararru ne, za su dawo da kuɗin ko asusun idan an biya su wani abu tukuna, domin sau da yawa hannu ɗaya ne ya dawo karɓar ragowar.