Bitar Shafin ForeignAssistance.gov

Duk mai son sanin inda kuɗin agajin Amurka suke shiga zai amfana da wannan shafi, wanda gwamnatin ƙasar take wallafa alƙaluman tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kamar yadda dokar bayyana kuɗin agaji ta 2016 ta wajabta. Shiga kyauta ce, kuma bayanan sun koma baya har zuwa 1946.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shafin ya raba kuɗin da aka ɗauki alkawarin kashewa da waɗanda aka riga aka fitar, domin a nan ne masu sharhi kan yi tuntuɓe. Idan mutum ya zaɓi Nijeriya, zai ga kaso mai tsoka ya tafi fannin lafiya, ya kuma ga sunayen masu aiwatarwa, ciki har da ƙungiyoyin addini irin su Catholic Relief Services, waɗanda wata ƙa'ida da gwamnatin Amurka ta kafa a 2004 ta haramta musu kashe kuɗin tallafin a kan ibada ko jawo mutane zuwa addini.

Rauninsa kuwa ba ƙarami ba ne. Babbar ƙungiyar da ta karɓi kuɗin ce take bayyana, amma ƙananan ƙungiyoyin coci ko masallaci da aka raba wa aikin ba kasafai ake ganinsu ba, an kuma sakaya wasu sunaye saboda tsaro. Alƙaluman shekarun baya-bayan nan ma sukan makara kafin su kammala.