Iri a firiji da iri a gona: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na dakata ne don in ba ta haƙƙinta. Ka ce ƙungiyarku ta manoma ta sami ɗan tallafi, sai kai ya rabu. Wasu na son a kafa rumbun ajiyar irin gida. Wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce, tunda cibiyoyin bincike sun riga sun tattara irin nan sun adana a ɗakunan sanyi, gara a sayo ingantaccen iri a raba wa kowa. Ka nemi sanin wanne ya fi tsare iri, firijin masana ko gonar talaka. Bari in baje maka su a faifai.

Masu maganar firiji ba ƙarya suka yi ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da aka kafa a Ibadan a 1967 ita ke riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, samfuri sama da 15,000, kuma da yawa daga gonakinmu na Arewa da Nijar aka ɗebo su. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, na da nata rumbun na gero da dawa da gyaɗa. Gwamnatin Najeriya ma tana da tata cibiyar ajiyar iri, NACGRAB, a Ibadan. Can kuma a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, an haƙa rumbu a cikin dutse, aka buɗe shi a 2008, inda cibiyoyin duniya ke kai kwafin abin da suke da shi. Ana busar da iri har ya bushe ƙamas, a liƙe shi a ƴar jaka wadda iska ba ta shiga, a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Lokaci zuwa lokaci a ɗebi kaɗan a gwada tsiro, in ya fara rauni a shuka shi a sabunta. Da haka ƙwayar dawa ke yin shekaru gommai da ranta.

Ajiyar gona kuwa ka santa kamar yadda na santa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kafin a fara yankan gero yakan shiga gona shi kaɗai da sassafe. Ya duba zangarniya, ya murza ta a tafin hannu, ya ɗaga ido ya kalli karan da ya ɗauko ta. Wadda ta cika har tsini, tsutsa ba ta yi mata zane ba, ita yake yanka. Damin iri daban ake ɗaure shi, a rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsa, kuma ko yunwa ta kai ina ba a kwance shi. Kakata kuma ita ce mai irin wake da kuɓewa da yakuwa. Ta gauraya waken da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan bincike, alhali kowace kaka zaɓe ake yi, a ajiye wanda ya yi, a cinye wanda bai yi ba.

A nan babban bambancin yake. Irin da ke firiji yana nan yadda yake ranar da aka ɗebo shi. Na gona kuwa tafiya yake yi tare da damina. Akwai wani aiki da masanan cibiyar IRD ta Faransa suka yi da abokan aikinsu na Nijar, wanda aka wallafa a 2011. Sun ɗauko geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976, suka koma ƙauyukan nan dai suka karɓi na 2003, suka shuka su gefe da gefe. Tsakanin shekarun biyu an sha fari, musamman na 1984. Sai ga geron 2003 yana fitar da kai da wuri fiye da na 1976, karansa ma ya ɗan rage tsawo. Kuma ba wai manoma sun watsar da irinsu sun karɓi na waje ba ne. Irin nasu ne ya gyaru a hannunsu, domin duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wanda ya riga ya nuna shi ke shiga damin iri. Shekara 27 gona tana aikin da firiji ba zai iya ba ko da zai shekara ɗari. Amma a lura, da ba a adana na 1976 ba, da ba mu da abin da za mu auna da shi.

Ranar masifa kuma, firiji ke da nasara, ba na jayayya. Lokacin da yaƙi ya hana cibiyar binciken noma ta ICARDA aiki da rumbunta na Aleppo a Siriya, a 2015 ta je Svalbard ta karɓo kwafinta, aka shuka a Lebanon da Maroko, aka farfaɗo da tarin. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Ƙauyuka nawa suka watse a Borno da Zamfara da Katsina, aka ƙone rumbuna, mutane suka fita da rigar jikinsu kawai? Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa sauke damin iri. Ko babu tashin hankali, damina biyu marasa kyau a jere sun isa su sa magidanci ya ci irinsa, in bazara ta zo ya sayi duk abin da ya tarar a kasuwa ya shuka. Haka iri ke ɓata shiru, ba a ankara ba sai an neme shi an rasa.

Sai dai akwai abin da jakar firiji ba ta ɗauka. A jikinta za ka ga lamba, da sunan iri, da garin da aka samo shi, da kwanan wata. Ba za ta gaya maka dalilin da ya sa manomin Kano ya manne wa kanannado ba, duk da jinkirinsa. Shi ya san cewa waken nan yana yaɗo a ƙarƙashin gero, in an yanke geron ya buɗe, ya ba da ƙwaya ya kuma ba da harawar da za ta riƙe tumaki har bazara, harawar da wani lokacin kuɗinta ke gogayya da na waken. Ba za ta gaya maka wace dawa ce tuwonta ke kwana bai saki ba, ko me ya raba kaura da farafara a bakin mai tuƙa tuwo. Karan dafi dawa ce, amma don jan rinin fata ake nomanta. Takanda don zaƙin karanta. Masakwa a Borno da arewacin Kamaru sai ruwa ya janye ake dasa ta a ƙasar firki, ta rayu da damshin da ya rage. Ka ba wanda bai san wannan ba ƙwayar masakwa, ya shuka ta da ruwan farko a jigawa, ya ce maka irin banza ne. Wannan ilimi a kan mutane yake, kuma rabinsa a kan mata, waɗanda ba kasafai ake kiransu taron rabon iri ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun wa ke cin moriya. Akwai wani geron gida mai saurin nuna da manyan ƙwayoyi da ake kira Iniadi a arewacin Togo. Daga shi aka fitar da ICTP 8203 da aka saki a Indiya a 1988, da Okashana 1 da ya bazu a Namibiya. Akwai wani waken gida na Botswana da masana suka yi wa lamba B301, wanda wuta-wuta ba ta kama shi. Jininsa ne ya shigo cikin irin waken da ke jure wuta-wuta a gonakinmu yau, kamar SAMPEA 10. Wato talakan Botswana ya taimaki na Jigawa, na Togo ya ciyar da na Indiya, alheri ne babu shakka. To amma waɗanda suka raini irin nan kaka da kakanni, me ya koma hannunsu? Yarjejeniyar duniya kan irin amfanin gona, wadda aka amince da ita a 2001 ta fara aiki a 2004, ta keɓe sashe na 9 ga haƙƙin manoma, har da ajiye iri da musayarsa da sayar da shi. Sai dai ta bar aiwatarwa a hannun kowace gwamnati. Dokokin iri kuma sukan ce sai an yi wa iri rajista kafin ya shiga kasuwar hukuma, rajista kuwa na buƙatar ya fito bai ɗaya. Irin gida ba ya fita bai ɗaya, kuma ƙarfinsa ke nan: in wannan ya kasa, na kusa da shi ya tsaya. Firiji na da ma'aikata da albashi da janareto. Mai damin iri ba shi da kowa sai Allah.

Kada ka fahimce ni cewa ingantaccen iri abokin gaba ne. HKP da ake nomawa a Nijar daga geron gida aka tace shi. Geron SOSAT ya ceci mutane da yawa a shekarun da damina ta gajarta. Na ga gonar da wuta-wuta ta hana wake tashi, sai sabon iri ya tayar da ita. Matsalar tana zuwa ne in aka raba iri guda ga gari guda, kowa ya cika gonarsa da shi, bayan shekara uku ka nemi ɗan ila ko zango ka rasa ko tiya ɗaya. In kuma irin aure ne, kamar yawancin masarar kamfani, duk shekara sai ka koma shago, don ƴaƴansa ba sa yin kamar uwarsu.

Da ni ne a cikinku, ba zan kashe kuɗin nan wajen gini ba. Ɗaki ɗaya mai inuwa da ba ya yoyo ya isa. A fara da kiran dattawa, maza daban mata daban, a rubuta sunan duk irin da aka sani a garin, wanda ke nan da wanda ya ɓata, da halin kowanne: ƙasar da yake so, kwanakin da yake ɗauka, abin da ake yi da shi. A sayi buhunan PICS masu linki uku ko jarkoki masu murfi, domin in iska ba ta shiga, gunda ba ta rayuwa, amma fa sai iri ya bushe sosai kafin a rufe. Kowane iri a damƙa shi ga gida biyu ko uku su riƙa shuka shi duk shekara, kuma a biya su ladan wahalarsu, ko da taki ko kuɗin noman firi, don suna sadaukar da wani yanki na gonarsu saboda jama'a. Mai riƙe irin gero ya nisanta shi da gonar wani geron, saboda iska ke ɗaukar bununinsa, nan da nan yake cakuɗa. Wake ba shi da wannan damuwa sosai. Wanda ya ari tiya da bazara ya mayar da ɗan ƙari da kaka. Kafin ruwa ya sauka a sa ranar musayar iri da ƙauyukan maƙwabta.

Sauran kuɗin a sayi ingantaccen iri, kala biyu ko uku, a gwada su kunya da kunya da na gida a gona ɗaya, matan gari su daka su dafa, sannan a yanke hukunci. Ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi ta daɗe tana irin wannan gwaji da masu binciken gero, in da hali ku aika mutum biyu su gano da idonsu.

Irin da ya riga ya ɓata kuma, kada ku fid da rai. A Habasha, bayan yunwar 1984 zuwa 1985, Dakta Melaku Worede, shugaban rumbun irin ƙasar a lokacin, ya jagoranci mayar da irin gida hannun manoma, suka riɓanya shi a gonakinsu. Ku ma kuna iya nema. Ku rubuta takarda ta hannun malamin gonarku, da sunan irin da sunan garinku, zuwa ofishin IITA ko na ICRISAT da ke Kano. In an dace yana cikin tarinsu, ƴan ƙwayoyi kaɗan za su zo a ambulan, sai ku ba mai hannu mai kyau ya shuka su a bayan gida inda akuya ba ta kaiwa. Kuma da kakar bana, kowane irin da kuka rubuta ku ware ɗan kaɗan da sunansa ku nemi a ajiye muku shi a can ɗakin sanyin, saboda halin tsaro da muke ciki. Allah ya ba mu damina mai albarka.