Babban kamfani a Legas ko ƙaramin ofishi a Kano?

Matashin da ya gama bautar ƙasa, yana sha'awar aikin ba 'yan kasuwa shawara, hanya biyu ce gabansa. Manyan kamfanonin binciken kuɗi da ba da shawara a Legas, irin su KPMG, PwC da Deloitte, suna ɗaukar sababbin masu digiri, amma sai an sha jarrabawa da ganawa. Akwai horo mai kyau, sunansu kuma yana da nauyi a takarda. Sai dai za ka kai dare kan manhajar lissafi ta Excel, kuɗin haya a Legas kuwa ba a magana.

Ƙaramin ofishi a Kano albashinsa bai taka kara ya karya ba. Amma da wuri za ka zauna gaban Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura, kana nuna masa yadda kuɗin dizal ke cinye ribarsa. Ni dai nan na fi karkata.